Kafin A Ce A Kori Koci: Hukuncin 'Yan Kallon Ƙwallo A Ƙasar Adar

Daren Asabar ko na Lahadi, a unguwannin birnin Tawa da garuruwan arewacin Adar irin su Takanamat, ba sai an nuna wa baƙo gidan kallo ba, kunnensa zai kai shi. Rumfa ce ta kwano ko ta zana, an jera bencina, an ɗaure talabijin can sama inda kan wani ba zai tare wa wani ba, inji na ruri a baya ko kuma batirin sola na riƙe da wuta. Da alƙalin wasa ya busa tashi, sai wasa na biyu ya soma a fada, a kan tabarma, butar shayi tana tafasa bisa garwashi. Kafin a kurɓi na farko an riga an gama shari'a: mai tsaron gida hannunsa rariya ne, ɗan gaba ƙafarsa ta mutu, koci bai iya canji ba, a kore shi. Mako na zagayowa, idan ƙungiyar ta ci, bakin da ya tsine wa kocin shi ne zai yi masa kirari.

Wannan muhawara ba abin rainawa ba ce. Saurayin da bai taɓa taka filin jirgi ba yana iya lissafo maka 'yan wasan Real Madrid ko Barcelona ɗaya bayan ɗaya, ya faɗa maka wanda ke jinya da wanda kwantaraginsa ya kusa ƙarewa. Sani ne na gaske, an kuma biya shi da kuɗin shiga da barcin dare. Inda gizo ke saƙa shi ne ma'aunin da ake auna abin da aka sani. Yawancin hukuncin fada a kan wasan jiya yake tsayawa, kuma a kan mutum ɗaya yake sauka. Hukuncin da zai yi adalci kuwa sai ya haɗa kakar wasa tun daga farkonta, ya kuma tambayi abin da aka damƙa wa koci da 'yan wasansa kafin ya tambayi abin da suka kawo.

Dalilin farko yana cikin ƙwallon kanta. Ba'adare ya gaji kallon kokowa, kuma a Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975. A fagen kokowa mutum biyu ne, kaye kuma a fili yake, wanda ya sha ƙasa ba ya da wanda zai ɗora wa laifi. Da wannan ido muke zuwa gidan kallo, alhali ƙwallo wasan mutum 22 ne, kuma abin da ake zubawa a raga a manyan gasanni bai cika wuce biyu zuwa uku a wasa ba. Inda ci ya yi ƙaranci haka, ƙaramin abu yana juya sakamako: ƙwallo ta bugi turke ta dawo, ƙafar mai tsaron baya ta zame, alƙali ya ga abin da bai faru ba. Ƙungiya tana iya fin abokiyar karawarta komai ta fita da kuka. Shi ya sa gasar Ingila da ta Sifaniya suke da wasa 38, domin sa'a da rashinta su yi ta cin juna har ƙwarewa ta fito fili. Manomin Takanamat ya fi kowa sanin wannan lissafi. Ba ya yanke wa damina hukunci da ruwan shuka, ba ya kuma sayar da gona don an yi fari na kwana goma. Sai an yi girbi an ɗaure dammuna sannan ya san shekarar da ya samu.

Tarihin Mena, ƙungiyar ƙasar Nijar, ya isa misali. A watan Oktoban 2010 Masar ta zo Yamai tana riƙe da kofin Afirka sau uku a jere, na 2006 da 2008 da 2010, sai Moussa Maazou ya zuba mata ƙwallo ɗaya da ba ta iya ramawa ba. A waɗannan wasannin share fage Nijar ta ci dukkan ukun da ta buga a gida, ta kuma faɗi dukkan ukun da ta buga a waje. Wanda ya kalli wasannin waje kawai zai ce kocin, Harouna Doula, ba ya da abin yi. Ranar ƙarshe ma Masar ta ci Mena 3 da nema a Alƙahira. Amma da aka tara lissafi, Nijar da Afirka ta Kudu da Saliyo kowa na da maki 9, dokar karawa tsakanin juna kuma ta ba Nijar gaba, yayin da 'yan Afirka ta Kudu ke rawa a fili suna zaton su suka wuce. Haka Nijar ta samu zuwa gasar kofin Afirka karon farko a tarihinta, hukumar ƙwallon Afirka kuma ta zaɓi Doula gwarzon koci na 2011. Makonni kaɗan bayan wannan lamba, a Janairun 2012, Gabon mai masauki ta ci Mena 2 da nema a wasan farko, sai aka karɓe ragama daga hannunsa aka miƙa wa Bafaranshe Rolland Courbis, wanda aka kawo da sunan mai ba da shawara. Sauyin bai hana Tunisiya ta ci 2 da 1 ba, bai hana Maroko ta ci 1 da nema ba. Shugabanni ne suka ɗauki wannan mataki, amma ma'aunin da suka yi aiki da shi irin na fada ne: wasa ɗaya ya shafe aikin shekara biyu.

Lokaci ya yi nasa alƙalancin. A farkon 2023, a gasar 'yan wasan da ke bugawa a cikin gida da aka yi a Aljeriya, wannan Harouna Doula ɗin ne ya jagoranci Mena ta doke Kamaru 1 da nema, ta fitar da Gana 2 da nema, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, matsayin da ba ta taɓa kaiwa ba. Gaskiya ne Aljeriya ta yi mata 5 da nema a wannan mataki, kuma wanda ke neman abin zagi ya samu. Sai dai mutumin da aka ture saboda wasa ɗaya shi ne ya dawo bayan shekara 11 ya maimaita abin da ya iya, wato haɗa yaran gida marasa suna su tsaya a gaban manya.

A Turai ma, inda idon matasanmu ya fi karkata, labarin bai sauya ba. Alex Ferguson ya karɓi Manchester United a Nuwamban 1986, bai ɗaga kofi ba sai 1990, bai ci gasar Ingila ba sai 1993. Gaba ɗaya ya ci ta sau 13. Tun da ya ajiye aiki a 2013 ƙungiyar take sauya koci kamar riga, daga Moyes zuwa Van Gaal, daga Mourinho zuwa Solskjaer da Ten Hag, kuma babu ɗayansu da ya dawo mata da wannan kofi. Arsenal kuwa ta ƙare ta takwas a 2020 da 2021 a hannun Mikel Arteta, ta buɗe kakar da ta biyo da faɗuwa uku a jere, har da 5 da nema a gidan Manchester City. Magoya bayanta a ko'ina sun cika wayoyi da kiran a sallame shi. Shugabanninta suka yi kunnen uwar shegu, ƙungiyar ta hau ta biyar, sannan ta zo ta biyu a 2023 da 2024 da 2025.

Mai musu yana da hujja, kuma hujjarsa ba ta da rauni. Chelsea ta kori koci a tsakiyar kaka a 2012 ta ci kofin zakarun Turai, ta sake yin haka a 2021 ta sake ci. Misalin da ya fi kusa da mu, wanda 'yan cin ranin Adar da ke Abijan suka gani da idonsu, shi ne na Kwaddibuwa. A Janairun 2024 Ikwatoriyal Gini ta yi mata 4 da nema a gida, aka sallami Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa, mataimakinsa Emerse Faé ya karɓa, ranar 11 ga Fabrairu kuma suka doke Najeriya 2 da 1 suka ɗauki kofin Afirka. Wa zai ce kora ba ta yi rana ba? Amma a bi labarin daki-daki. Kwaddibuwa ba ta tsallake zagayen farko ba sai da Maroko ta ci Zambiya a wani wasan da ba ruwan Faé da shi. Ta farke ƙwallon Senegal saura 'yan mintoci a tashi, ta wuce da bugun fenariti. Da Mali kuwa, da mutum goma ta farke a minti na 90. Da ɗaya daga cikin waɗannan ya kauce da taki guda, yau da labarin wauta ake bayarwa. Bugu da ƙari, ba a korar koci sai ƙungiya ta kai ƙarshen lalacewa, ƙungiya mai manyan 'yan wasa kuma ba ta daɗewa a can ƙasa ko an kori wani ko ba a kora ba. Kamar mai zazzaɓi ne da ya sha jiƙo ranar da ciwon ya kai maƙura: washegari ya ji sauƙi, jiƙo ya kwashe yabo. Muna tuna korar da ta zo da kofi saboda tana da daɗin faɗi, muna mance ɗimbin waɗanda suka bar ƙungiya inda suka same ta.

Akwai musu na biyu, cewa haƙuri mafakar ragwaye ne, kuma ɗan kallo da ke kashe kuɗinsa yana da ikon ya ce bai gamsu ba. Wannan gaskiya ne. Akwai kocin da ba shi da dabara, akwai ɗan wasan da ke ha'inci, kuma so ba ya wajabta wa mai goyon baya ya rufe ido. Abin nema shi ne ƙorafin ya tsaya a kan abin da ake iya nunawa. Shin ƙungiyar tana samar da damar ci ana ɓararwa, ko ko ba ta kai wa ragar ma? Kuskuren da aka yi a farkon kaka, shi ake maimaitawa a tsakiyarta? Yaran da kocin ya tarar, sun ƙaru ko sun koma baya? Mutum nawa ke jinya? Ɗan gaban da ake zagi, sau nawa aka miƙa masa ƙwallo inda zai iya juyawa? A ɗauki share fagen kofin Afirka na 2025. Mena a hannun Badou Zaki ɗan Maroko ta ƙare da maki 7, Sudan ta wuce da 8. Wanda ya tsaya a tebur zai ce an gaza. Wanda ya ƙara dubawa zai ga ta yi wa Sudan 4 da nema, ta bi Gana har Akara ta ci ta 2 da 1, kuma wasannin da ake kira na gida a Maroko da Togo ta buga su, domin filin Seyni Kountché na Yamai bai cika sharuɗɗan hukumar Afirka ba a lokacin. Ƙungiyar da ta je gasar 2012 da ƙarfin 'yan kallon Yamai, an raba ta da su. Ƙorafin da ya sauka a kan koci ya bar maganar fili, ya bar jaki yana dukan taiki.

Wannan tambaya, ta me aka ba su, ta fi nauyi idan aka sauko gasar cikin gida. Ƙungiyoyin da suka saba ɗaukar kofin Nijar na Yamai ne, kuma da yawansu suna da hukuma ko kamfani a bayansu: AS FAN ta soja, USGN ta jandarma, AS GNN ta dakarun tsaron ƙasa, AS Douanes ta kwastan, da na SONIDEP da NIGELEC. Mutanen Maraɗi da Damagaram har yau suna tuna 1983 da 1984, lokacin da Jangorzo da Espoir suka fitar da kofin daga babban birni, kuma tsawon wannan tuni shi kansa shaida ne. Ƙungiya daga jahar Tawa, irin Ader FC, sai ta ci fiye da kilomita 500 a mota kafin ta kai Yamai, ta sauka da kumburarrun ƙafafu ta kara da waɗanda suka kwana a gidajensu. Yaron da ya fi kowa iya taka leda a ƙauye kuwa, da an gama girbi ya ɗauki jaka ya nufi Abijan ko Libiya ko Najeriya, domin ƙwallo ba ta cika rumbu. Kocin da ke gina ƙungiya a nan yana shuka a fako ne, kowace shekara kuma yana sake neman iri.

Saboda haka akwai inda ya kamata wannan baiwa ta muhawara ta karkata. Ihun da ake yi a rumfar Takanamat ba ya isa Madrid, ba ya isa Landan, kuma babu kocin Turai da zai rasa barci dominsa. Amma wannan murya tana isa ofishin magajin gari, tana isa kunnen attajirin da zai iya sayen riguna da takalma, tana isa wakilan hukumar ƙwallon ƙasa, FENIFOOT, na jaha. Masu iya gano kuskuren kocin Barcelona daga tazarar dubban kilomitoci sun isa su tambayi dalilin da filin garinsu ba ya da raga, da dalilin da gasar matasa ke tsayawa a tsakiya, da inda kuɗin motar ƙungiya ya shiga. Sun kuma isa su rage wani abu daga kuɗin kallon Lahadi su je su tsaya a bakin filin ƙasa, inda ɗan unguwarsu ke gudu cikin ƙura da takalmin aro. A can, idan suka ce mai tsaron baya yana saurin fita, kocin yana ji, yaron ma yana ji, kuma ranar horo ta gaba ana iya gyarawa.