Beli da Askar Wanzami

Duk wanda ya sa madubi a gabansa ya wangame baki, zai tarar da ginin da hikimar Mahalicci ta tsara: leɓɓa biyu suna tsaron ƙofa, haƙora 32 a bakin baligi bayan 20 na ƙuruciya sun zube, kowanne dashe cikin dasashi, na gaba suna yanka, fiƙoƙi suna yaga, turame suna niƙa, ga harshe yana jujjuya loma cikin yawun da ke tsatsowa, kimanin lita 1 a yini. A sama kuwa akwai ganda, wadda gabanta ƙashi ne, bayanta tsoka mai taushi, a ƙarshen wannan tsokar ne wani ɗan nama yake reto, shi ne beli, waɗansu su ce hakin wuya.

To, a Kambarawa, kamar sauran unguwannin birnin Katsina, al'ada ta daɗe da yanke wa ɗan naman nan hukunci, domin kafin ranar suna wanzami yakan zo da zabirarsa ya cire shi, bisa zaton cewa in an bar shi jariri zai ƙi nono, ko ya riƙa amai, ko kuma belin ya kumbura ya toshe maƙogwaro. Iyayen da ke kiran wanzami ƙauna ce ta sa su, wannan ba a musu. Amma beli ba cuta ba ne. Idan mutum zai haɗiye, shi da gandar baya sukan ɗaga su rufe hanyar hanci don kada ruwa ko nono ya haura, yana kuma fitar da yawu mai jiƙa maƙogwaro. Malaman tajwidi, tun kafin Ibnul Jazari wanda ya ƙidaya mafitar haruffa 17, sun san cewa daga kusa da beli harafin ƙaf yake fita.

Ko Abul Ƙasim az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajen 1013, da ya zo kan wannan babi a littafinsa At-Tasrif, belin da ya kumbura ya yi magana a kansa, ya kuma ja kunne kada a yanke fiye da abin da ya ƙaru, domin wuce haddi yana ɓata murya. Ina ga jariri lafiyayye, wanda jinin jikinsa duka bai kai rabin lita ba? Kaɗan ya zuba sai ya galabaita, aska guda kuma da ta zaga gidaje tana iya ɗaukar ciwon hanta daga wannan zuwa wancan, balle sarƙewar haƙora. Jaririn da ya ƙi nono, galibi zazzaɓi ne ko wata cuta ta daban, hanyarsa kuwa ita ce asibiti, ko Babban Asibitin Katsina ko na unguwa mafi kusa.