Kwamfutar Da Ke Cikin Aljihun Jallabiya

 

Ya 'yan uwana ɗalibai, bana gardama ta yi yawa a madrasarmu a kan talafon. Wasu iyaye sun ce a hana shi gaba ɗaya, wasu kuma sun ce yaron da bai iya shi ba a wannan zamani an bar shi a baya. Da aka ce kowane ɗan babban aji ya kawo rubutu don littafin ƙarshen shekara, sai na ga gara in yi bayanin abin kansa, domin da yawa muna riƙe da shi amma ba mu san me muke riƙe da shi ba.

Abin da muke kira talafon ko jawwal, wato mai gilashin nan da ake shafawa da yatsa, kwamfuta ce cikakkiya da aka matse ta har ta shiga aljihu. Kiran waya ɗaya ne kawai daga cikin ayyukanta. A cikinta akwai wani ɗan guntu da bai fi farcen yatsa ba, shi ne ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi. Akwai wurin riƙe abin da ake aiki da shi a lokacin, kamar allonmu da ake rubutawa a wanke. Akwai kuma rumbun ajiya, inda hoto da littafi da murya ke zama ko an kashe ta. Sai batir, sai gilashi, sai 'yar eriya da ke magana da dogon ƙarfen shabaka na bakin gari. Duk wanda ya gane bambancin allo da rumbu ya gane dalilin da ya sa wani talafon ke nauyi idan an buɗe abubuwa da yawa, alhali rumbunsa bai cika ba. Allonsa ne ƙarami.

Da can abin ba haka yake ba. Kwamfutar ENIAC da aka nuna wa duniya a Amurka a 1946 ta cika babban ɗaki, nauyinta ya kai kusan tan 30. Wadda ta taimaka wa 'yan sama jannati suka sauka a wata a 1969, allon aikinta kamar kilobayit 4 ne kacal. Talafon mai araha da ake sayarwa a kasuwar Sinnar ko Wad Madani, mai giga 2, ya ninka wannan wajen sau 500,000. A 1984 wani kamfani a Ingila ya fito da Psion Organiser, 'yar na'urar aljihu ta ajiye sunaye da lissafi. A 1996 aka yi Palm Pilot da ake rubutu a kanta da ɗan tsinke. A 2007 iPhone ya fito, a 2008 aka fara sayar da masu Android, irin waɗanda suka cika hannunmu yau.

To, mu ɗalibai me ya shafe mu? Ku tuna kakanninmu. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya jawo jama'a zuwa gabas har suka zauna a bakin Nilul Azraƙ, a garin da ke ɗauke da sunansa har yau. Wasu kuma niyyar hajji ce ta fito da su, suka ratso Borno da Wadai da Darfur da Kurdufan a ƙafa, suna tsayawa su yi noma su sami guzuri, har wasu suka zauna a hawashar auduga bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. Malami a cikinsu abin da zai iya ɗauka shi ne abin da gafakarsa ta ci: Alƙur'ani, Risala, wataƙila Ishiriniya. Idan ruwa ya jiƙa su ko gara ta ci, sai an sake kwafa da hannu. Yau katin ajiya da bai kai ƙwayar gyaɗa girma ba zai ɗauki Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala da Askari, a ƙara da Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma wurin bai ko taɓu ba. Karatun Alƙur'ani cikakke da murya yakan ci giga 1 zuwa 3 ne, gwargwadon tsabtar sautin. Idan ka sauke shi sau ɗaya, shi ke nan, ba ka bukatar rasidi ko shabaka don ka saurara.

Ni dai inda ya fi yi mini amfani shi ne wajen tilawa. Nakan ɗauki muryata ina karanta sumuni, sannan in saurara da mus'hafi a buɗe. Wallahi za ka ji kurakuran da ba ka taɓa sanin kana yi ba: maddin da ka gajarta, gunnar da ka haɗiye. Kunne yana kama abin da baki ya ɓoye.

Amma a nan akwai tarkon da ya kama da yawa daga cikinmu. Yawancin manhajojin Alƙur'ani da ruwayar Hafsu suke buɗewa. Kakanninmu daga ƙasar Hausa da Warshu suka zo, a halwowi da dama na tsakiyar Sudan kuma Duri ake karantawa. Duka ruwayoyi ne ingantattu, sai dai ba a cakuɗa su. Har a cikin Fatiha akwai kalmar da Hafsu ke ja, Warshu da Duri ba sa janta. Wani ƙanenmu ya kwana uku yana haddar shafi daga talafon ɗin yayansa, ya zo gaban malam da murna, malam ya ce masa, "Kai yaro, wa ya ba ka wannan? Rabi naka, rabi na wani." Sai da aka wanke allo aka sake. Kafin ka saurari kowane makaranci, duba sunan ruwayar da aka rubuta a gefen sunansa, in ba ka gane ba ka kai wa ustazu ya duba. Kuma na'ura ba ta gyara maka harafi. Za ta karanta maka sau ɗari ba ta gaji ba, amma ba za ta ce maka "sake" ba.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne alƙibla. Mu Hausawa mun saba cewa "fuskanci gabas", don daga Kano da Sakkwato haka abin yake kusan. Amma daga nan Makka tana arewa maso gabas ne, har ma ta fi karkata arewa. Talafon yana nuna wannan da ɗan kamfas da ke cikinsa. Sai dai ƙarfe yana rikita shi, don haka kada ka gwada a jikin mota ko kusa da injin ban ruwa, kuma idan ya saɓa wa mihrabin masallaci, tambayi liman kafin ka fara yi wa dattawa gyara.

Batun zumunci kuwa iyayenmu mata sun fi mu sani. A da wasiƙa zuwa Najeriya sai an jira mai komawa daga hajji. Yanzu gwaggo da ba ta karanta boko ba, ba ta karanta Larabci ba, tana danna WhatsApp ta yi magana da Hausa, 'yar uwarta a Kano ko Jidda ta ji ta nan take. Mu da muka tashi da haruffan Larabci, ta nan ma wasunmu suka fara ganin yadda ake rubuta Hausa da boko, da ƙ da ɗ da ɓ masu lanƙwasa.

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, muka ga wata fuskar abin. Makarantu suka rufe, littattafai suka zama sai wanda ya tsira da nasa, ɗalibai da yawa da hoton shafuka a talafon suka ci gaba da bita. Tsabar kuɗi ta yi wuya, sai manhajar Bankak ta zama aljihun mutane: ɗa yana Saudiyya ya turo, uwa ta sayi dawa a kasuwa. Da Wad Madani ta faɗi a Disamba 2023, da shi aka riƙa neman wa ya fita, wa ya rage. Sannan a Fabrairu 2024 shabaka ta ɗauke, Zain da MTN da Sudani duka. A ranar muka san iyakarsa. Kuɗinka na ciki, kana ganin talafon a hannu, ba ka iya sayen ko albasa. Mutane suka riƙa tafiya mai nisa suna biyan kuɗin awa a wurin masu Starlink don su tura saƙo ɗaya. Wanda ya sauke littattafansa tun da wuri ya ci gaba da karatu muddin akwai caji. Wanda kuwa ya haddace, ko cajin bai nema ba.

Da yake na ambaci caji: zafi shi ne babban maƙiyin batir, mu kuwa a Afrilu da Mayu zafinmu yana wuce digiri 40. Masu kai talafon wurin mai sola, ku ce a ajiye shi a inuwa, farantin kaɗai ke son rana. Batirin da ya kumbura a daina amfani da shi, yana iya kamawa da wuta.

Saura maganar da ta jawo gardamar. Gaskiya iyayenmu ba su yi ƙarya ba. Gilashin da ke nuna maka Risala shi ne ke nuna maka TikTok, kuma masu yin waɗannan manhajoji sun tsara su ne yadda bidiyo ɗaya na ƙarewa wani zai hau, don kada ka ajiye. Ni kaina na taɓa shiga don in duba kalma ɗaya a ƙamus bayan isha'i, ban farga ba sai da na ji carar zakara, da asuba kuma na kasa kawo haddata. Abin da muka gwada a ɗakinmu, mu shida, shi ne wannan: lokacin bita ana sa talafon a yanayin jirgin sama, wanda ke yanke shabaka ya bar abin da aka sauke, kuma bayan sallar isha'i kowa ya ajiye nasa a cikin kwano ɗaya a hannun babban ɗaki har a idar da asuba. Wata uku ke nan muna yi. Mutum biyu sun karya dokar, tararsu ita ce ɗebo ruwan alwala na mako guda.