Hasken Da Ke Keta Sama Da Dare

'Yan'uwa manoma na Maikujera da Rabah da Wurno da Goronyo, ku da kuke kwana a fadama kuna gadin albasa, kun fi kowa ganin abin da ke faruwa a sama. Wani lokaci haske mai ƙarfi yakan keta sama kamar an jefa bakin wuta, har gari ya waye na ɗan lokaci. Sai a ce tauraro ya faɗi, babban mutum zai mutu, ko yunwa tana zuwa. Muna so mu kwantar muku da hankali.

Abin nan ba tauraro ba ne. Dutse ne ko ƙarfe da ke yawo a sarari. Yakan shigo iskar duniya da gudun da ya wuce mil 7 cikin daƙiƙa guda, ya kama wuta tun yana kimanin mil 60 a bisa. Yawancinsu ba su kai ƙwayar gero ba, sukan ƙone ƙurmus. Manyan ne ke haskaka gari, har a ji ƙara kamar aradu bayan 'yan mintoci.

Ya taɓa faruwa a ƙasarmu. Ran 3 ga Oktoba 1962, a Zagami cikin ƙasar Katsina, wani manomi yana korar hankaki a gonarsa, sai dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da shi, ya nutse ƙafa 2 cikin ƙasa. Bai ji ciwo ba. Daga baya masana suka gane daga duniyar Mas dutsen ya fito. A Janairu 2008 ma wani na ƙarfe ya faɗo a ƙasar Sakkwato da dare.

To, in ya faɗa gonarku fa? Kada ku gudu ku bar amfaninku, gama ba ya ɓata ƙasa. Za ku gan shi da baƙin ɓawo, ya fi dutsen gida nauyi, sau da yawa maganaɗisu yana kama shi. Kada a farfasa shi, kada a wanke. Ku sa alama a wurin, ku riƙe rana da lokaci, ku gaya wa mai gari da shugaban ƙungiya, su kai labari Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Kada a yi garajen sayarwa ga baƙon da ba a sani ba.

Wanda ya shimfiɗa sammai shi ne ke riƙe da gonakinmu. Mu ci gaba da ban ruwa, hankali kwance.