Linzamin Labari a Hannun Wa?

Tun da aka fara ba da labari a duniya, ko tatsuniya ce a dandali, ko littafi, ko majigi, al'adar da aka gada ita ce mai labari ya faɗa, mai sauraro ya karɓa, domin komai tausayin da yaro zai ji wa Ƙoƙi, ba shi da ikon hana Gizo cutar ta. To, sai zamani ya zo da wasannin bidiyo, waɗanda a cikinsu ake miƙa wa mutum na'ura a hannu a ce masa shi ne jarumin, shi zai yi magana, shi zai yanke hukunci. Daga nan wata mas'ala ta taso wadda masu tsara wasannin da masu buga su suka daɗe suna jayayya a kanta, wato shin wajibi ne abin da ɗan wasa ya zaɓa ya sauya labarin da gaske, ko kuwa ya isar a bar shi da zaton haka, alhali an riga an rubuta ƙarshen tun kafin ya zauna?

Wanda ya taɓa zama gaban malamin tauhidi ya ji saɓanin Jabariyya da Ƙadariyya zai ga kamar ya san ƙamshin wannan gardama, ko da yake, Allah Ya kiyaye, ba a haɗa al'amarin Ubangiji da abin da 'yan Adam suka ƙaga don nishaɗi. A nan mai rubuta ƙaddarar ma'aikacin kamfani ne, yana da albashi da wa'adin da aka ɗebar masa, kuma wannan wa'adi da wannan albashi su ne asalin matsalar. Lissafin kuwa mai sauƙi ne. In kowane zaɓi ya raba labari biyu, ba tare da rassan sun sake haɗuwa ba, zaɓi goma zai haifi hanyoyi 1,024, zaɓi ashirin kuma ya haura miliyan ɗaya, kuma kowace hanya sai an rubuta mata zance, an zana mata wurare, an biya masu murya sun karanta, alhali kuwa mafi yawan masu saye hanya guda za su bi su ajiye wasan. Saboda haka dabarar da akasarin kamfanoni suke yi ita ce irin ta hanyoyin ƙauye, waɗanda suke rabuwa a bayan gari, wannan ta bi ta fadama, waccan ta bi ta tudu, amma duk su ɓulla a bakin kasuwa ɗaya.

Wannan dabara ba laifi ba ce a kan kanta, sai fa in an haɗa ta da alkawarin da ba a cika ba, kamar yadda ya auku ga kamfanin BioWare na birnin Edmonton a ƙasar Kanada. Sun fitar da Mass Effect a 2007, na biyu a 2010, na uku a watan Maris na 2012, kuma abin da ya sa mutane suka ƙaunace shi shi ne wasan yana ɗauke hukunce-hukuncen mutum daga kashi zuwa kashi: in ka bar abokin tafiyarka Kaidan ya mutu a duniyar Virmire don ka ceci abokiyar tafiyarka Ashley, to, shekara biyar bayan haka Ashley ce za ka tarar, Kaidan kuwa sai dai a ambace shi. Da aka zo ƙarshe, bayan an yi ta shelar cewa ba irin ƙarshen nan ba ne da za a ce ga na ɗaya ga na biyu ga na uku, sai jama'a suka iske ƙofofi uku, waɗanda babban bambancinsu a ido shi ne launin hasken da ya tashi, ja ko shuɗi ko kore. Ran mutane ya ɓaci ƙwarai, har waɗansu suka yi karo-karo suka aika wa kamfanin ƙananan kek kimanin 400, an shafa musu waɗannan launuka uku, amma duk ɗanɗanonsu ɗaya. Kamfanin ya ba da kek ɗin sadaka ga wani gidan kula da matasa, sa'an nan a watan Yuni ya fitar da ƙarin bayani a kan ƙarshen, kyauta. A ganina masu kek sun yi gaskiya, kuma habaicinsu ya fi dogon sharhi isar da saƙo.

Amma fa a wannan shekarar ta 2012 kamfanin Telltale ya fitar da The Walking Dead, wanda rassansa suka fi na Mass Effect saurin haɗuwa, kuma duk da haka aka yaba masa. Ko ka ceci Carley ko ka ceci Doug a kashi na farko, wanda ka ceta zai mutu a kashi na uku, kuma Lee, wanda kake bugawa da shi, babu makawa sai ya rasu a ƙarshe. Abin da aka bar maka shi ne irin mutumin da zai zama a idon yarinyar nan Clementine da yake riƙo, wato ko zai yi mata ƙarya, ko zai yi sata a gabanta ranar yunwa. Zaɓin bai taɓa makomar kowa ba, amma ya ɗora wa mai wasa alhaki, shi ya sa mutane da yawa suka gama shi da hawaye.

Inda na fi ganin gwaninta shi ne The Witcher 3, na kamfanin CD Projekt Red a ƙasar Poland, wanda ya fito a 2015. Akwai wurin da jarumin, Geralt, yake tarar da wani ruhi a ɗaure ƙarƙashin wata tsohuwar itaciya, yana roƙon a sake shi bisa alkawarin zai ceci waɗansu marayu daga hannun mayu uku. In ka sake shi, lalle marayun za su tsira, amma zai halaka mutanen wani ƙauye, mayun kuma su huce a kan matar da take kiwon yaran, ta mutu, mijinta ya rataye kansa. In ka kashe shi, ƙauyen ya tsira, matar ta rayu da taɓin hankali, yaran kuwa ba a sake ganinsu ba. Ba a sanar da kai komai daga wannan lokacin da kake tsaye gaban itaciyar, kuma sakamakon ba ya bayyana sai bayan ka yi nisa, yadda komawa baya don gyara zai yi maka tsada. Haka kuma makomar Ciri, 'yar riƙon Geralt, an rataya ta ne ga abubuwan da mutum ba zai ɗauka hukunci ba ne, kamar ko ka yarda ku yi jifan juna da dunƙulen ƙanƙara ranar da take cikin baƙin ciki, ko ka bar ta ta shiga wani taro ita kaɗai ba ka bi ta kana yi mata baki ba. Wasan yana riƙe da lissafi a asirce, sai ƙarshe ya fito maka da shi. Wannan ya fi mini yawan rassan Detroit: Become Human na 2018, wanda yake shimfiɗa maka taswirar hanyoyin da ka bari bayan kowane babi, har mutum ya koma cike gurabu maimakon damuwa da mutanen labarin.

Sai dai kuma ba zan bi masu cewa duk wasan da bai ba da zaɓi ba ya gaza ba. The Last of Us na 2013 bai taɓa yi wa kowa alkawarin linzami ba. A ƙarshensa jarumin, Joel, yana kutsawa asibiti don ya ƙwace yarinya Ellie daga likitocin da za su yi mata fiɗar da za ta kashe ta domin neman maganin annoba, kuma babu hanyar wucewa sai likitan fiɗar ya mutu a hannunka, ko kana so ko ba ka so. Da an ba da zaɓi a nan, da labarin ya zama na mai wasa, alhali na Joel ne, mutumin da ya riga ya rasa 'yarsa ta cikinsa, ba zai jure rasa ta biyu ba. Da kashi na biyu ya fito a 2020, sai ga 'yar wannan likita, Abby, ta zo ɗaukar fansa, ta kashe Joel tun farkon wasan, sa'an nan aka tilasta wa mai wasa ya yi kusan rabin tafiyar da ita. Mutane da yawa sun yi fushi da wannan, har abin ya kai waɗansu marasa kunya ga yi wa matar da ta yi muryar Abby barazanar kisa, amma a cikin masu fushin babu wanda zai iya nuna inda kamfanin Naughty Dog, mai wasan, ya ce masa shi zai yanke hukuncin.