Ciwon Ƙirjin Da Bai Fito Daga Zuciya Ba

Ba kowane mai ciwon ƙirji da aka garzaya da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ne ke da toshewar jijiyoyin zuciya ba. Sau da yawa akan yi awon ECG da gwajin jini, a tarar zuciya lafiya lau, alhali ciwon yana nan daram. A ganina, kuskure ne a sallami irin wannan majinyaci da "ba mu ga komai ba", domin daga nan kemis zai nufa.

Ƙirji ba zuciya kaɗai ya ƙunsa ba. Ƙwannafi, wato tasowar ruwan tsamin ciki zuwa maƙoshi, yana ƙuna a bayan ƙashin ƙirji, musamman ga mai kwanciya da zarar ya ci tuwon dare. Gyambon ciki ma haka. Abin takaici, diclofenac da ibuprofen da ake saye barkatai a kemis-kemis na Samaru da Sabon Gari suna ƙara cinye bangon ciki, sai maganin ya koma rura cutar. Akwai kumburin guringuntsin da ya haɗa haƙarƙari da ƙashin ƙirji, wanda ke ƙaruwa idan an danna wurin. Akwai nimoniya, da tarin fuka da cibiyar lafiya da ke Saye ta daɗe tana yaƙi da shi, da rikicin ƙirji na masu sikila, wanda kan kashe in an yi sakaci.

Wanda aka fi rainawa shi ne firgici. Gaba ya faɗi ba dalili, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, numfashi ya yi sauri har yatsu su sage, mutum ya tabbata ajalinsa ya zo. Yakan kai maƙura cikin kusan minti 10, ya lafa. Wannan ciwo na gaske ne, kuma sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Shika yana maganinsa, sai dai dangi kan ɗauki turawa can a matsayin an kira ɗansu mahaukaci, su ce iska ce ko sammu.

Wani zai ce yawan ambaton damuwa zai sa a yi wa bugun zuciya na gaske sakaci. Yana da gaskiya, musamman da hawan jini da ciwon suga suka yawaita. Shi ya sa zuciya ake fara dubawa: nauyin ƙirji mai tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, tare da gumi da sarƙewar numfashi, na sashen gaggawa ne nan take, ko da an taɓa ce wa mutum firgici ke damunsa.