Horon ɗan kwikwiyo: wuri ɗaya don kashi da fitsari

A gidaje da yawa kare yana da aikinsa. Shi ke gadin gida da dare. Shi ke tsaron garke daga dila da ɓarawo. Mafarauta ma ba su shiga daji sai da shi. Can arewa da Tawa, a yankin Azawak, makiyaya suna da wani kare dogo, siriri, mai tsananin gudu, wanda sunansa ya kai har Turai. A manyan birane kuwa, kamar Yamai da Maraɗi da Damagaram, wasu suna kiwon ƙananan karnuka da aka kawo irinsu daga waje. Waɗannan ko sun girma ba su cika wuce kilo 5 ko 6 ba.

Ranar da yaro ya shigo gida rungume da ɗan kwikwiyo, yara sai murna. Kafin kwana 3 murna ta koma faɗa. Ga kashi kusa da murhu. Ga fitsari bisa tabarma. Ga kashi inda jariri ke rarrafe. Uwargida ta ɗauki tsintsiya, maigida ya ɗauki sanda. Kwikwiyo ya sha bugu, amma bai daina ba. Daga ƙarshe a kai shi bayan gari a yar, ya zama karen da ba shi da mai shi.

Ba bugu ke koya wa kwikwiyo tsabta ba. Sabo ke koya masa. Abu 3 ake bukata: wuri ɗaya, lokutan da ba su canzawa, da lada nan take. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Me ya sa kashin kare ke da haɗari?

Kowa ya san kashi da fitsarin kare najasa ne, suna ɓata tabarma da tufafi. Amma akwai abin da ido ba ya gani.

Yawancin ƴan kwikwiyo da tsutsar ciki ake haihuwarsu. Daga uwarsu suke ɗauko ta, tun suna ciki, ko ta wajen nono. Ƙwan tsutsar yana fita cikin kashi. In ya yi mako 2 zuwa 4 cikin ƙasa, ya nuna, yana iya kama mutum. Yana kuma daɗewa cikin ƙasa wata da watanni bai mutu ba. Yaron da ke wasa da ƙasa yana sa hannu a baka, sai ya haɗiye shi. Tsutsar tana iya kaiwa hanta ko huhu. Wani lokaci takan kai ido, ta rage wa yaro gani.

Akwai wata tsutsa kuma da ke shiga ta fatar ƙafa in an taka ƙasa mai laima ba takalmi. Tana tafiya ƙarƙashin fata kamar zare, da ƙaiƙayi mai tsanani.

Bisashe ma ba su tsira ba. Wanda ya taɓa fiɗar tunkiya ko saniya ko raƙumi ya san wasu ƙulli masu ruwa da akan samu jikin hanta ko huhu. Mutane sukan yanke wurin su jefa wa kare. In kare ya ci, tsutsa ta girma cikin hanjinsa. Ƙwanta ya fita cikin kashi, ya zuba bisa ciyawa. Tunkiya ta ci ciyawar, cutar ta koma garke. Mutum ma in ya haɗiyi wannan ƙwai, irin ƙullin nan yana fito masa a hanta, sau da yawa sai an yi masa aiki a asibiti. Haka kuma kan tunkiyar da ta mutu tana juyi wuri ɗaya: in kare ya ci ƙwaƙwalwarta, zai baza cutar ga sauran tumaki.

Ashe ke nan horon kwikwiyo kariya ce ga yara da dukiya. In kashinsa yana wuri ɗaya, kwashewa ba ta da wuya.

Ku san halin kwikwiyo

Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako 8, wato wata 2. Wanda aka ɗauke da wuri yakan zama mai tsoro, mai wuyar horo.

Kwikwiyo kamar jariri yake. Mafitsararsa ƙarama ce, bai iya riƙe fitsari ba tukuna. Masana dabbobi suna da wani lissafi mai sauƙi: kowane wata na shekarunsa, kamar awa 1 na riƙo. Ɗan wata 2 yana riƙewa kamar awa 2. Ɗan wata 3, kamar awa 3. Ɗan ƙaramin iri kuwa ba ya ma kaiwa haka, don mafitsararsa ta fi ƙanƙanta.

Abu na biyu: kare ba ya son ɓata makwancinsa. Da haka aka halicce shi. Tun yana ɗan mako 3 ko 4 yakan ja jiki ya bar wurin kwana kafin ya yi kashi.

Abu na uku: hancinsa ke ja masa gora. Inda ya ji warin fitsarinsa na jiya, nan zai koma yau.

Da waɗannan halaye 3 za mu yi aiki.

Zaɓen wuri

Ku zaɓi kusurwa ɗaya cikin gida, can gefen danga ko katanga. Wurin ya yi nesa da murhu, da randa, da rijiya, da turken bisashe, da inda yara ke wasa. Ku zuba rairayi mai kauri. Ya kasance akwai inuwa, don lokacin bazara ƙasa mai zafi tana ƙona tafin kwikwiyo, sai ya ƙi zuwa.

A ranar farko ku ɗebo ɗan ƙasar da ya yi wa fitsari ku zuba a wurin. Warin zai gaya masa cewa nan ne.

In gidan siminti ne, babu ƙasa, ku sami faffaɗan tire ko tsohon daro marar zurfi, ku cika shi da rairayi, ku ajiye waje ɗaya. Kada ku riƙa canza masa wuri.

Dukan mutanen gida su san wurin. In uba ya kai shi gabas, ɗa ya kai shi yamma, kwikwiyo zai ruɗe.

Lokutan kai shi

Kada ku jira ya je da kansa. Ku za ku kai shi. Ga lokutan:

1. Da asuba, da zarar ya farka.
2. Bayan kowane cin abinci, cikin minti 5 zuwa 20.
3. Bayan ya sha ruwa da yawa.
4. Duk lokacin da ya tashi daga barcin rana.
5. Bayan wasa da guje-guje.
6. Bayan lisha, kafin a kwanta.

Tsakanin waɗannan lokuta kuma, ɗan wata 2 a kai shi kowace awa 1 ko 2.

Ku lura da alamu. In ya bar wasa farat ɗaya, yana shinshinar ƙasa, yana zagaya wuri ɗaya, ko yana ɗan kuka, to lokaci ya yi. Ku kai shi maza. In an isa, ku tsaya shiru har minti 5. Ba wasa, ba magana mai yawa. Ku zaɓi kalma ɗaya, kamar "yi maza", ku riƙa faɗinta kullum yayin da ya tsuguna. A kwana a tashi zai gane ma'anarta. In bai yi ba, ku mayar da shi makwancinsa, bayan minti 15 ku sake kawo shi.

Abinci ma da lokacinsa. Ɗan wata 2 zuwa 3 yana ci sau 4 a rana: da safe, da azahar, da la'asar, da magariba. Daga wata 3 zuwa 6, sau 3. Bayan nan sau 2 ya isa. In ya ci ya ƙoshi, ku ɗauke kaskon. Abincin da ke shiga a kan lokaci yana fita a kan lokaci. Ɗan ƙaramin iri kada a bar shi da yunwa tsawon yini, don ƙarfinsa yana faɗuwa da sauri, har ya suma. Madarar shanu mai yawa tana sa kwikwiyo zawo. Ruwa kuwa kada a hana masa don gudun fitsari, balle a ƙasarmu mai zafi.

Lada nan take

Da zarar ya gama, tun bai bar wurin ba, ku yaba masa da murya mai daɗi. Ku ba shi ɗan guntun dafaffen nama ko loma ƙarama ta tuwo. Kada ku bari sai an koma tsakar gida. Kare yana haɗa lada da abin da ya yi yanzu-yanzu. In an jinkirta ko da minti 1, bai san dalilin ladan ba.

Wannan aiki ne da babban yaro zai iya ɗauka. Amma ya wanke hannu da sabulu duk lokacin da ya taɓa kwikwiyo.

In ya yi a inda bai kamata ba

Zai yi, ba makawa. In kun kama shi yana cikin yi, ku tafa hannu sau ɗaya, ku ɗauke shi ku kai shi wurinsa. In ya ƙarasa can, ku ba shi lada.

In kuwa sai daga baya kuka gani, ku share kawai. Kada ku buge shi. Kada ku tura hancinsa cikin kashin. Ba zai gane laifinsa ba. Abin da zai koya shi ne tsoronku. Daga nan sai ya riƙa ɓuya bayan randa ko ƙarƙashin gado ya yi abinsa. Karen da ya tashi da bugu kuma shi ne yakan ciji mutane in ya girma.

Wani kwikwiyo yakan saki ɗan fitsari in an yi masa tsawa, ko in yana murnar ganin mai shi. Wannan ba taurin kai ba ne. Yana wucewa in ya girma.

Sai a kawar da wari. In ƙasa ce, ku kwashe wadda ta jiƙa, ku barbaɗa toka, ku zuba sabuwar ƙasa. In siminti ne ko tabarma, ku wanke da ruwa da sabulu sosai, ku shanya tabarmar a rana. Masu ƙaramin iri su fi kowa sa ido. Fitsarinsa kaɗan ne, yana bushewa kafin a gani, amma shi yana jin warin. Kada a bar shi yana yawo ɗaki-ɗaki ba mai kallonsa.

Da dare

Ku yi masa makwanci ɗan daidai, kamar babban kwali ko akurki mai tsabta wanda iska ke shiga. Ya iya tsayawa, ya juya, ya miƙe. In wurin ya yi faɗi da yawa, zai kwana a gefe ɗaya ya ɓata ɗaya gefen. Ɗan wata 2 sai an fitar da shi sau 1 ko 2 cikin dare. In ya yi kuka, ku kai shi wurinsa, ku mayar da shi. Kada a kulle shi ko a ɗaure shi yini guda. Wanda aka tilasta wa kwana cikin kashinsa yana rasa ƙyamar ƙazanta, horonsa ya yi wuya.

Yawancin ƴan kwikwiyo suna gama sabawa tsakanin wata 4 da wata 6. Ƙaramin iri yakan kai shekara. Sannu ba ta hana zuwa.

Kwashe kashin kullum

Kowace rana ku kwashe kashin da felu ko guntun kwano, ba da hannu ba. Ku zuba a salga, ko ku haƙa rami mai zurfi ku rufe. Kada a haɗa shi da takin gona. Kada a kai shi garkar salati da tumatir. Ku riƙa canza rairayin wurin lokaci-lokaci.

Hanta ko huhu mai ƙulli, da kan tunkiya mai ciwon juyi, kada a jefa wa kare. A ƙone su, ko a binne da zurfi. A tuna da wannan musamman ranar Sallar layya, lokacin da ake yanka a kowane gida.

Ku je wurin likitan dabbobi

Maganin tsutsa ana fara ba kwikwiyo tun yana ɗan mako 2, a maimaita kowane mako 2 har ya kai wata 2. Daga nan sau 1 a wata har wata 6, sannan kowane wata 3. Ma'aikacin kiwo ne zai auna maganin daidai da nauyin kwikwiyo. Kada ku ba shi maganin mutane ko na shanu da ka.

In ya cika wata 3, a yi masa allurar rigakafin haukan kare, a sabunta ta a kan lokacin da likita ya rubuta. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe mutum wajen 59.000 a shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya. Kusan 4 cikin 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Ɗan kwikwiyo ma yana iya ɗauke da ita. In kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi gidan likita a ranar. In alamun cutar suka bayyana, magani ya ƙare.

Ku gaggauta kai kwikwiyo wurin likita in yana zawo da jini, ko amai, ko ya ƙi abinci. Haka nan in yana yawan tsugunawa fitsari na fita ɗigo-ɗigo. Wannan ciwo ne, horo ba ya gyara shi.

Abin tunawa

- Wuri ɗaya, kowa a gida ya san shi.
- A kai shi bayan barci, bayan ci, bayan wasa.
- Lada nan take, ban da bugu.
- A kwashe kashi kullum, a wanke hannu da sabulu.
- Maganin tsutsa da allurar haukan kare a kan lokaci.

Wahalar ta ƴan watanni ce. Kare kuwa yakan yi shekara 10 ko fiye yana gadin gidanku. Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa maƙwabcinsa, don kashin karen maƙwabci ma yana isa inda yaranku ke wasa.