Gardama a Kan Launin Jirgin Yaƙi

A kasuwar Tamaske, in aka baza rawanin turkuɗi a rana, wani zai ce baƙi ne, wani ya ce shuɗi ne, alhali abu guda suke kallo. To, ina ga abin da ya wuce shekara 80, wanda babu sauransa sai hotuna? Irin wannan gardama ce masana tarihi suke yi a kan fentin jiragen ruwa na Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ɗaya daga cikin jiragen ya daɗe a Afirka ta Yamma.

Sunansa Richelieu, na ƙasar Faransa. Tsawonsa ya kusa mita 248, yana da manyan igwa 8, faɗin bakin kowace milimita 380. Ranar 18 ga Yuni 1940 ya tsere wa Jamusawa daga tashar Brest, tun ba a gama aikinsa ba, ya isa Dakar ranar 23. A lokacin daga Dakar ake mulkin ƙasashen Faransa na Afirka ta Yamma, har da Nijar. Daga 23 zuwa 25 ga Satumba, Janar de Gaulle da Ingilishi suka nemi karɓe birnin daga hannun mutanen Pétain. Richelieu yana cikin waɗanda suka buɗe musu wuta, suka janye. Sai a Janairu 1943, bayan Gwamna Boisson ya koma ɓangaren ƙawance, jirgin ya tafi New York gyara.

A teku fenti ba ado ba ne, garkuwa ne. Launin toka yana saje jirgi da hazo, zane-zane kuwa suna rikita abokin gaba, ya kasa gane girman jirgin da inda ya dosa. Richelieu ya fita Brest da launin toka. A Amurka aka yi masa dabbare-dabbare, wani wuri da duhu wani da haske. A 1944, yana tare da rundunar Ingila, aka sake masa wata riga. Saboda haka mai tambayar launinsa sai ya faɗi shekarar da yake nufi. An farfasa jirgin a Italiya a 1968, babu inda za a kankare fenti a duba.

Shaidu uku suka rage, kowane da rauninsa. Na farko hoto. Yawancin hotunan zamanin baƙi da fari ne, kuma akwai irin fim ɗin da yake mai da ja ya yi duhu, shuɗi ya yi haske. Bango guda yakan fito fes da hantsi, ya fito da duhu da la'asar. Na biyu takarda. Umarnin hukuma yana faɗin abin da aka ce a shafa, amma ba ya faɗin ranar da fentin ya iso, ko yadda aka dama shi, ko yadda rana da gishiri suka koɗar da shi. Na uku bakin wanda ya gani, shi kuwa ɗan Adam ne, shekaru sukan haɗa masa jiya da shekaranjiya.

Inda gardamar ta fi zafi shi ne a kan Arizona, jirgin Amurka da Japanawa suka nutsar a Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba 1941, mutum 1,177 suka halaka. A shekarar an ba da umarnin sauya fentin rundunar daga toka mai duhu zuwa shuɗi. Shin an kai ga shafa wa Arizona kafin ranar? Wasu masana sun ce i, wasu sun ce a'a. A 2006 an kafa ƙaramin samfurinsa a wurin tunawa da shi, da launin shuɗi da jan saman igwa, amma bakin masu musu bai mutu ba.

Wani zai ce wannan ɓata lokaci ne. Ba haka ba ne. Wanda ya yi sakaci da ƙaramin abu a tarihi, ba a amince masa a babba ba. Darasin kuwa ya shafi Adar. Djibo Hamani, da ya fitar da littafinsa na tarihin Adar a 1975, bai tsaya ga shaida guda ba. Ya gwama maganar dattawa da rubuce-rubuce. An ɗebi ƴan Nijar soja a wancan yaƙi, kuma a wasu gidaje akwai sauran hotunansu da lambobinsu da takardun sallama a ƙasan adaka.

Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci a Keita, ko Buza, ko Madawa, yana da abin yi. Ya ɗauko hoton, ya tambayi dattijon da ya san labarin, ya rubuta sunan mai hoton da garin da shekarar, har launin riga da hula, ya kuma rubuta wanda ya faɗa masa. In bakin mutum biyu ya saɓa, ya rubuta duka biyun. Abin da aka rubuta yau, jikoki ba za su yi gardama a kansa gobe ba.